Zangon da Na Daina Tambayar Yara

Har yau in na tsaya da babur a bakin tashar Zuru, akwai masu kirana Malam. Wasu don sun saba, wasu don su ji daɗi. Akwai wani ɗan kabu-kabu da ni na koya masa riƙe fensir, shi ne yakan ɗaga murya ya ce, "Malam, yau ba aji ne?" sauran su kwashe da dariya. Ba na tanka masa. Aji dai na riƙe shekaru masu yawa, kuma ba sata na yi aka sallame ni ba, ba ɗan kowa na yi wa rauni ba. Bincike ne ya cinye mini aiki. Wanda ya yi binciken kuwa abokin golmona ne.

Ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya koya mini haka, ya ce a aikinsu ba a kama sunan mutum, don a kare shi. Na ga irin kariyar. Zan kira shi Dakta, yadda kowa ke kiransa yanzu, har uwar da ta haife shi.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba, sai na gaya masa abin da ake kira golmo. Lokacin da muke samari, ba a ba ka mata don ka iya magana. Noma za ka yi wa uban yarinyar, damina bayan damina, har shekara bakwai. Ba kai kaɗai ba, kuna da ƙungiyarku ta sa'o'in juna, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Ƙa'idar guda ce: in ɗan ƙungiya ya kira, ka saɓa galmarka ka fita. Ba a cewa gonar ta yi nisa, ba a cewa me ya sa sai yau. Wanda ya tsaya tambaya, ranar tasa shi kaɗai zai sunkuya.

Tare muka shiga makarantar horon malamai ni da Dakta. Ni a tsakiya na tsaya, da babana ya dawo daga soja ƙafa ɗaya ba ta aiki, gona kuma ba mai riƙewa. Shi ya wuce Sakkwato, daga can ya ƙara gaba. Duk daminar da ta same shi a makaranta, in na gama kunyata a gonar surukinsa sai in ɗauki tasa. Tsohon yakan zauna gindin ɗorawa yana kallonmu yana taunar goro, ya ce, "Ni fa na rasa wanda zan ba ɗiyar nan, mai takarda ko mai bayan nan." Daga nan suka sa mini suna mai baya. Aka ba mai takarda matarsa kamar yadda aka shirya, na yi rawa a bikin har ƙafata ta kumbura. Ban taɓa ganin na yi masa wani abin kirki na musamman ba. Haka ake yi.

Makarantar ƙauyenmu mutanen gari ne suka gina ta da hannunsu, kwamiti ke riƙe da ita. Shugaban kwamitin wani tsohon Sajan ne mai ritaya, wanda ko sannu zai yi maka sai ka ji kamar ya kira fareti. Da suka nemi mai koyarwa ba su samu mai takarda ba, suka ɗauke ni da rabin karatuna, suka ba ni aji biyar.

Gaskiyar magana, abubuwan da ban sani ba sun fi waɗanda na sani. Littafi guda ne a ajin, shi ma ƙarshensa ya yage. In yaro ya tambaye ni abin da ban sani ba, ni kuma ba na son yi masa ƙarya, sai in ce, "To, kai me ka gani?" Da haka da haka abin ya zama hanyata. Duk maganar da aka kawo aji, sai mun yi mata tambayoyi: Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani ko ji ya yi? Me zai samu in ka yarda? Ranar kasuwa nakan ce su je su saurari mai maganin nan da ke ihu da lasifika, mai kwalba ɗaya da ke warkar da basir da taifot da ciwon baya, washegari mu zauna mu tankaɗe maganarsa.

Tsofaffinmu suna cewa in ka nuna 'yar kabewa da yatsa, ruɓewa za ta yi ta faɗi. Wata damina yara suka yi ta gardama a kan haka, sai na ce mu shuka a bayan aji. Da ta yi 'ya'ya muka raba biyu: na gefen hagu kowa ya nuna su kullum da safe, na gefen dama ba mai nunawa. Yara suka nuna har da gwiwar hannu, wani ma da ƙafa. Ƙarshenta wasu suka ruɓe a hagu, wasu suka ruɓe a dama, sauran kuma akuyar hedimasta ta shiga ta raba gardamar. Tun daga lokacin duk damina sai mun shuka kabewa.

Ba kowa ke son abin ba. Jikar Sajan tana ajina, wata siririyar yarinya mai bakin tsiya. Wata rana kakan yana ba su labari a gida, ya ce layar da ke damtsensa ce ta hana harsashi taɓa shi a yaƙi. Sai ta ce, "Kaka, waɗanda suka mutu ba su da laya ne?" Washegari ga Sajan a ƙofar ajina da sandarsa.

"Kai ne kake koya wa yara yi wa manya tambayar 'yan sanda?"

"Ranka ya daɗe, tambaya dai nake koya musu."

"A bariki wanda ya tambayi na gaba da shi, tsallen kwaɗo zai yi har rana ta faɗi!"

Ya tsaya yana huci, yana duban allo. Can sai ya rage murya, yadda yara ba za su ji ba, ya ce, "Suna da laya. Wasunsu ma sun fi ni yawa." Ya juya ya tafi. Bai cire yarinyar daga ajina ba.

Da rashin kwanciyar hankali ya yi yawa a ƙasarmu, iyaye da dama suka kwashe 'ya'yansu suka koma cikin gari, wasu unguwar Rikoto, wasu gaba. Lokacin aji biyar ya riga ya zama biyu, nawa da na wata matashiyar Malama da ta zo da takardar NCE. Yara suka ragu, kwamiti ya ce ba zai iya riƙe malamai biyu a aji ɗaya ba. Ƙarshen shekarar karatu za a haɗe azuzuwan, a bar mutum ɗaya. Sajan ya faɗa a gabanmu, ba ɓoye-ɓoye: "Ba takarda za mu duba ba. Yara za mu duba." Na koma gida da ƙarfin gwiwa. In yara za a duba, ban ji tsoron kowa ba.

Ana cikin haka, gab da faɗuwar ruwa, sai ga Dakta da mota, da ɗalibansa na jami'a ɗauke da jakunkuna.

"Mai baya! Har yanzu kana nan kana shaƙar alli?"

"Ina nan. Kai me ka ci ka yi wannan tumbin?"

"Takarda."

"Ashe tana da mai."

Ya rungume ni a gaban yara. Ya shiga ajina ya zauna a bencin baya, gwiwoyinsa har haɓa. Ran nan kuwa gardama ake a kan wani labari da ya zagaya a waya, wai an ga saniya ta yi magana a Mahuta. Jikar Sajan ta ce, "In ta yi magana, da wane yare ta yi? Kuma me ya sa duk wanda ya ba da labarin sai ya ce ƙanin wani ne ya ji?" Dakta ya yi dariya har ya cire tabarau yana goge ido.

Da aka tashi muka zauna gindin mangwaron makaranta. Ya ce, "Ka san abin nan da kake yi yana da suna?" Ya faɗi sunan da Turanci. Da ya warware mini shi, ashe auna magana ce kafin a haɗiye ta. Ya ce da can masu binciken ilimi abin da suke dubawa shi ne ko yaro ya haddace, yanzu kuwa ko'ina hankali ya koma kan ko yaro yana iya tunani da kansa, kuma ko ana iya koya masa hakan.

Na ce, "Ke nan ni na ƙirƙiro?"

"Ina! Tun ba a haifi kakanka ba aka rubuta shi a littattafai. Kai dai tuntuɓe ka yi da shi."

Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa. Sai ya zo kan abin da ya kawo shi. Azuzuwa biyu yake so. Za su ɗauki Malama su horar da ita a gari kan sabuwar hanya, ta zo ta yi wa ajinta. Nawa kuma a bar shi kan tsohuwar hanya, irin wadda aka yi mana muna yara: malam ya faɗa, yara su maimaita. Ƙarshen zango a gwada su duka, a ga bambanci.

Na ce, "Ai ni ba haka nake koyarwa ba. Ka gani da idonka."

"Shi ya sa nake roƙonka. In ka ci gaba da tambayoyin nan, azuzuwan biyu kai ɗaya za su fito, ba abin da zan nuna. Kamar kabewarka ce, mutumina. Dole a nuna wasu, a bar wasu."

"To ka sa nawa a sabuwar hanyar mana."

"Masu ɗaukar nauyin aikin so suke su ga abin da horo ke yi wa malami mai takarda. Kai ba ka cikin lissafinsu."

Na gaya masa maganar kwamiti, cewa ɗayanmu za a bari kuma yara za a duba. Ya ce ya ji. Ya dafa kafaɗata. "Wannan bar mini. Sajan in na shiga wuri miƙewa yake yi. Ni zan gaya musu ko kai wane ne. Zango ɗaya ne kawai." Sai ya juya harshe zuwa yarenmu na C'lela, ya faɗi maganar da muke kiran juna da ita lokacin golmo, wadda ma'anarta ita ce gobe gonata ce.

Na ce to.

Matata tana tankaɗe garin dawa na gaya mata. Ba ta ɗago ba ta ce, "A gaban wa ya yi maka alkawarin?"

"Mu biyu ne."

"Da mangwaro."

"Ke, ki iya bakinki."

"Kai da kake hana 'ya'yan mutane yarda da mai magani? Me zai samu in ka yarda, ba haka kake cewa ba?"

"Mai magani ban taɓa noma masa kunya ba."

Ta ce, "Ai shi ya sa." Ta ci gaba da tankaɗenta. Mutane da yawa sun maimaita mini maganarta daga baya, wai da na tambaya. Waɗanda ke faɗin haka ba su yi golmo ba. Mutumin da kuka sha ruwa a ƙwarya ɗaya a bakin gona, ba ka ce masa kawo shaida.

Aka shiga zangon. Na koma malamin da ban taɓa zama ba. In rubuta a allo, in buga sanda a tebur, su maimaita. "Babban birnin jiharmu?" "Birnin Kebbi!" "Kuma!" "Birnin Kebbi!" Ɗaliban Dakta sukan zo su zauna a baya suna rubutu, ba su san da wata magana tsakanina da ubangidansu ba. Abin da suka gani suka rubuta.

Bangon da ke tsakanin ajina da na Malama bai kai rufi ba. Duk abin da ake yi can ina ji. Ta dawo daga horo da katuna masu launi da hotuna, kuma ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi ƙoƙari. Ina jin yaranta suna gardama, suna dariya, tana ce musu, "Me ya sa ka ce haka? Kawo hujjarka." Nawa kuma kunnuwansu na can, bakinsu na nan yana cewa Birnin Kebbi.

Sati na farko sun ɗauka wasa nake. Na rubuta wani abu a allo, jikar Sajan ta ɗaga hannu tana murmushi, ta ce, "Malam, wa ya faɗa?" Duk aji suka gyara zama, suna jiran a fara. Ga ɗalibin Dakta a baya da biro a hannu.

Na ce, "Ni na faɗa. Rubuta."

Ta dube ni. Ta rubuta. Bayan wasu kwanaki wani ya tambaya ko za a shuka kabewa bana, na ce ba lokaci. Daga nan hannuwa suka daina tashi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne saurin da abin ya yi. Shekaru na yi ina lallashin yara su buɗe baki, kafin dawa ta kai gwiwa sun rufe shi. Yaro in ya ga babba ya canja fuska, ba ya tsayawa neman dalili, kansa yake sunkuyarwa.

Ƙarshen zango aka yi musu gwajin. Akan karanta musu ɗan labari, a ce su faɗi ko sun yarda, su kawo dalili. Na tsaya ta taga ina kallo. Yaran da suka tankaɗe maganar mai magani, da aka tambaye su sai suka riƙa waiwayena, suna neman amsar da malam ke so.

Bayan an yi hutu Dakta ya dawo don ya gaya wa gari abin da aka samu. Aka taru a babban aji, kwamiti a gaba, iyaye a baya, aka tayar da janareta, aka rataya farin zani a bango ana haska hotuna. Ya zo da wata Farfesa, babbar mace mai furfura, wadda ya ce ita ke duba aikinsa, ita kuma za ta kai rahoto ga masu ɗaukar nauyi. Ba ta jin Hausa sosai, wani ɗalibi ke raɗa mata.

Ya fara da cewa ba za a kama sunan kowa ba, haka dokar bincike take. Akwai Malami na Ɗaya, akwai Malami na Biyu. Malami na Ɗaya yana da takarda, ya kuma samu horo. Malami na Biyu bai gama makarantar horon malamai ba, ya daɗe yana koyarwa, hadda ce hanyarsa. Mu biyu ne fa a aji biyar. Duk ɗakin ya juyo ya dube ni, har da jariran da ke goye.

Ya haska sanduna biyu a jikin zanin masu nuna makin kowane aji, ɗaya dogo ɗaya gajere. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya gane wanne ne nawa. Ina zaune ina jira. Na ce a raina, yanzu zai kashe injin nan ya ce, jama'a, akwai abin da sandunan nan ba su faɗa ba. Ya gama, aka tafa.

Sajan ya miƙe, ya ƙame kamar yana gaban kwamanda. "Dakta, mu ba mu yi karatu ba. Malami ɗaya za mu bari. Kai da ka duba, wanne za mu riƙe?"

Dakta ya gyara tabarau. "Baba Sajan, ni ba alƙali ba ne. Abin da bincike ya nuna ke nan, hukunci naku ne."

Sajan bai zauna ba. Ya ce, "Abin da ya ɗaure mini kai, jikata a ajin na biyun take. Da can ba ta barin kowa ya sha ruwa a gida da tambaya. Bana kuwa ta yi shiru kamar an ɗinke ta. Me ya faru?"

Nan na miƙe. Ban yi niyya ba, ƙafafuna ne suka tashi. Na ce, "Dakta, gaya musu. Gaya musu abin da ka roƙe ni a gindin mangwaro."

Na ga Farfesa ta karkata tana tambayar ɗalibin me na ce. Dakta ma ya gani. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce da murya mai sanyi, "Malam, ba mu canja wa kowa komai ba a aji na biyu. Yadda muka same shi haka muka bar shi. Ɗalibaina sun zauna sun gani."

Malam ya kira ni. Ba mai baya ba.

Na ce, "Ka rantse." Faston garinmu ya ce in zauna, a gaban baƙi muke. Wani daga baya ya ce wanda ya faɗi jarrabawa ba ya rasa magana. Sajan ya daɗe yana dubana, sannan ya zauna a hankali. Tsohon soja ne. An sa masa maganar mai digiri uku da ta wanda bai gama makaranta ba, kuma mai digirin ya zo da hoto a bango.

Da aka watse Dakta ya same ni a bayan aji, inda muke shuka kabewa, ciyawa ta cinye wurin. Yana ta waige-waige.

"Mai baya, ka fahimce ni. In na ce na sa ka canja hanya, aikin ya mutu gaba ɗaya. Matar nan za ta rubuta cewa na shirya sakamako. Shekarun da na yi a kai, ƙarin girmana, duk sun tafi. Bari ta koma, zan zo in ga Sajan mu biyu."

"Ka ce kamar kabewata ce."

"Haka ne mana."

"Kabewa ba ta da mata da 'ya'ya."

Direba ya yi masa ham, ya tafi. Bai zo ya ga Sajan ba. Ya aiko wai aiki ya yi masa yawa, sai Kirsimeti. Kafin Kirsimeti kwamiti ya zauna ya gama. Sajan da kansa ya zo gidana ya faɗa mini, bai aiko kowa ba, wannan na yaba masa. Ya ce, "Zuciyata ba ta kwanta ba. Amma ka ba ni abin da zan riƙe." Ba ni da shi. Mangwaro ba ya magana.

Malama ta zo ita ma, ta durƙusa ta gaida matata, ta ce ba ta san komai ba. Na yarda da ita. Ba ta daɗe ba ta samu aikin gwamnati a gari ta tafi, wa zai ga laifinta. Katunan nan masu launi suna cikin kabad ɗin hedimasta, gara ta yi bikinta a kansu. Wanda ke riƙe da ajin yanzu, in na wuce da fasinja ina jin su ta taga suna maimaitawa da ƙarfi.

Ni kuma na sayar da bijimin noma na sayi babur.

Bara surukin Dakta ya rasu, tsohon nan na gindin ɗorawa. Matata ta ce kada in je. Na ce tsohon bai yi mini komai ba, tuwonsa na ci shekara da shekaru. Muka taru mu 'yan ƙungiyar da muka rage, duk mun yi furfura, muka shiga haƙa kabari da sassafe. Ƙasar wurin tsakuwa ce, diga na tashi da wuta. Ana karɓa-karɓa, kowa ya yi nasa ya miƙa wa na kusa.

Rana ta ɗaga sai ga Dakta, yanzu ya zama Farfesa amma bakin mutane bai saba ba. Farar shadda, takalmi na sheƙi. Ya tsaya a bakin ramin ina ciki.

"Mai baya! Kullum kai ne a gaba. Allah ya saka."

Na ce amin. Na fito ina goge zufa, ya ja ni gefe kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Na tambaye shi abin da na daɗe ina so in sani. Na ce, "Aikin nan naka, ya yi amfani? An canja yadda ake koyar da yara?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai wannan ya zama tsohon yayi. An buga shi, an wuce wurin. Yanzu ba mai ba ka ko sisi don ka gwada aji biyu a ƙauye. Hankali ya koma kan waya, yadda matasa ke tantance labarin ƙarya, da na'urorin nan masu amsa tambaya. Kai, ka ma tuna mini. Ina neman matasa masu waya da yawa, irin 'yan kabu-kabunku. Kai suna jin maganarka. In ka tara mini su a tasha..."

Tsohon yayi. Na tsaya ina dubansa. Aikina, da bijimina, da bakin yarinyar nan da ya rufe, ashe duk yayi aka yi da su, kamar ɗinkin riga.

Sai ya matso, ya rage murya, ya juya harshe zuwa C'lela. Na san abin da zai faɗa tun kafin ya buɗe baki. Ban bari ya ƙarasa ba. Digar tana hannuna, ƙotarta jiƙe da gumina. Na kama hannunsa na danƙa masa ita, ƙasa ta zubo a kan farar shaddar.

Na ce, "Surukinka ne. Layinka ya zo."

'Yan ƙungiya suka tsaya da aiki suna kallo. Wanda ke cikin ramin ya fito ya ba shi wuri, ba wanda ya miƙa hannu ya karɓa masa. Na kaɗe wandona, na je na gaida matan gidan, na tada babur. Ranar kasuwa ce, akwai fasinja.